Sunan da Ya Maƙale a Bakin Malam Surajo

Shafi na 19

Da sunan Allah. Masu zagin Tawfiq a comment tun shekaranjiya, duk na karanta, har da baiwar Allahn da ta ce in na ƙara kare shi za ta bar group ɗin. Gyara zama hajiyata, ba inda za ki. Yau wajen ubansa za mu.

*

Tunda kulob ɗin Lugbe Hawks ya fitar da sunayen 'yan wasan da zai sallama, bencin ƙofar shagon Malam Surajo bai huta ba. Shagon hatsi ne, shinkafa da wake da masara, amma wanda ya zo wucewa bayan azahar ɗin nan sai ya rantse ofishin hukumar ƙwallo ne. Kowa koci, kowa lauya, alhali duk bencin babu mai iya gudun minti biyar bai nemi wurin zama ba.

Musaddiq mai gyaran waya shi ne limamin zancen. Ya ɗaga wayarsa sama yana nuna hoton da ya karaɗe gari mako biyu ke nan: Tawfiq, ɗan wasan gaban Hawks, tsaye a wani lungu a Karshi ranar da kulob ɗinsa ke wasa, wata mace tana miƙa masa baƙar leda.

“Ku duba da kyau! Ƙarfe huɗu ana take wasa, oga yana Karshi yana soyayya. Aka ci mu biyu da nema. Wallahi ko ni ne chairman abin da zan yi ke nan. Terminate!”

Marvel makanike ya goge hannunsa da tsumma ya ce, “Haba Musaddiq. Yaron nan ya ci maka ƙwallo goma sha ɗaya last season. Kai ne ka ɗauke shi a wuya ranar da muka hau league, sati ɗaya kana tafiya a karkace.”

“Wancan last season ne. Ƙwallo ba ta san jiya ba.”

“Hoto ɗaya kawai ka gani, my brother. Ka san wanene matar?”

Wani daga ƙarshen benci ya ce, “An ce matar aure ce.”

Na kusa da shi ya ce, “A'a, ni na ji agent ce. Kwantiraginsa saura shekara ɗaya, wani kulob ya yi masa tayi, shi ya sa yake raina mu.”

“To ya je can! Mu ba ma bautar ɗan wasa.”

Duk wannan a kunnen Malam Surajo ake yi, kuma babu wanda bai san shi ya haifi Tawfiq ba. Ba rashin ta ido ne ya sa suke yi a gabansa ba, shi ya saba musu da hakan. Tawfiq ɗan farinsa ne, shi kuwa Malam Bazazzagi ne na asali, irin waɗanda suka sha kunyar ɗan fari tun a nono. Shekara ashirin da huɗu bai taɓa kama sunan yaron da bakinsa ba. In an yabe shi sai ya kawar da kai, in an zage shi sai ya yi kamar da ɗan maƙwabci ake. Ko a waya, “Yaron nan” ya sa aka rubuta masa a kan lambarsa. Abuja ta canza masa abubuwa da dama, amma wannan kam ta buga ta bar shi.

Sai dai yau hankalinsa ba ya kan awon. Shi ya san abin da ke cikin baƙar ledar nan. Safe da yamma yake haɗiyarsa a bayan buhuna, inda ba mai gani.

Musaddiq ya juyo ya ce, “Malam, kai ba ka ce komai ba.”

“Ni me na sani a tamaula? Ku ne masana.”

Ya faɗa yana murmushi, wake na zubewa a gefen mudun bai lura ba.

Ana cikin haka keke napep ya tsaya a bakin titi, Mashkura ta sauko. Ita ce mai bin Tawfiq, tana aiki a wani shagon magani, kuma ba ta saba zuwa shago a wannan lokacin ba. Ta gaishe da 'yan benci sama-sama, idonta jajur, hannunta riƙe da farar takarda.

“Baba, ina son magana da kai.”

“Ina jin ki.”

“A ciki, Baba.”

Ya ajiye mudun ya bi ta cikin sito, inda buhuna suka kai rufi. Ta tura ƙofar ta jingina da ita.

“Lafiya, Mashkura? Uwarku ce?”

“Mama lafiyarta ƙalau. Baba, me ya kai ka Karshi ranar Asabar ɗin can?”

“Saro wake. Ba yau na fara ba.”

“Daga nan kuma sai me?”

Abin ya dawo masa tas. Yana tsaye ana ɗinke masa buhu, sai ƙasa ta juya, bai farka ba sai a gadon wani ƙaramin asibiti, an ce jininsa ne ya hau. Wata nas mai suna Jennifer ta ɗauki wayarsa ta kira lambar ƙarshe. Kafin awa biyu sai ga yaron nan a kansa, da rigar kulob a jikinsa, ya baro masaukin 'yan wasa ko izini bai tsaya nema ba. Ya zauna a gefen gadon yana masa fifita da kwali har ƙarfe biyar, wayarsa na ta ruri a aljihu bai ɗaga ba. Da za su taho nas ɗin ta biyo su waje ta miƙa masa ledar magani, wani mai ido a tsakar ka ya ɗauki hoto. A mota Malam ya ce masa magana ɗaya tak: “Kada uwarku ta ji. Kada kowa ya ji.”

Mashkura ta ce, “Ba sai ka faɗa ba, na sani.”

“Shi ya gaya miki?”

“Yaya? Ko wuƙa za a sa masa. A ƙarƙashin katifarsa na ga wannan ina neman caja. Sai da na tsare shi da kuka sannan ya buɗe baki.”

Ta warware takardar.

“Daga kulob ce. Da Turanci aka rubuta, bari in fassara maka. Sun ce Yaya ya shaida musu cewa mahaifinsa ne ya faɗi a Karshi, shi ya sa ya bar masauki. Sun ce ba su so su yanke hukunci da ka ba, sai suka tura mai kula da walwalar 'yan wasa, Madam Prudence, ta zo ta tabbatar.”

“Ba wanda ya zo wurina.”

“Ta zo, Baba. Ranar Talata. Doguwa, mai gilashi, da littafi a hannu.”

Malam Surajo ya tuna ta.

Benci a cike ta iso, ta yi sallama da Hausarta ta 'yan koyo, ta ce, “Baba sannu, kai ne baban Tawfiq?” Ido ya fi goma a kansa. Ya ɗauka 'yar jarida ce. Ya sunkuyar da kai ya ba ta amsar da ya saba bayarwa tun ranar suna: “Ai babansa yana Zariya.” Yayansa Alhaji Manniru yake nufi, wanda ya yi wa yaron huɗuba, wanda kuma a al'ada shi ke da bakin cewa nawa ne. 'Yan benci suka yi dariya don sun gane. Ta sake cewa, “To kai an kwantar da kai a asibiti ranar Saturday?” Ya ce, “Ni? Ga ni kina gani, garau nake.” Ta rubuta, ta yi godiya, ta tafi.

Mashkura ta ci gaba da karantawa.

“Mutumin da aka nuna mata ya ce ba shi ne mahaifin ba, kuma bai yi ciwo ba. Asibitin ya ƙi ba da bayanin mara lafiya sai da yardarsa. Saboda haka kulob ya gamsu cewa ɗan wasan ya yi ƙarya, kuma an cire sunansa.”

Ta ninke takardar.

“Ba hoton ne ya kore shi ba, Baba. Kai ne.”

Ya zauna a kan buhun masara. Mako biyu yana gaya wa kansa hayaniyar 'yan ƙwallo ce, za ta wuce kamar yadda ta saba. Ko jiya da ya ji an sallami yaron, cewa ya yi wataƙila harkar kulob ce da bai fahimta ba. Ashe da bakinsa ya yi aikin, yana murmushi.

A hankali ya ce, “Ai kowa ya san abin da nake nufi.”

“Kowa a Zariya. Matar nan 'yar Binuwai ce, Baba. A garinsu uba bugun ƙirji yake ya ce wannan ɗana ne. Ta ina za ta gane?”

“Shi kuma me ya hana ya yi musu bayani?”

“Ya yi. Chairman ya yi masa dariya, ya ce wane uba ne zai ce ɗansa ba nasa ba ne? Suka ce in gaskiya ne ya kawo ka.”

“To me ya sa bai zo ba?”

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

“Na tambaye shi. Ka san me ya ce? Ya ce, ‘Baba ya shekara ashirin da huɗu yana riƙe da kunyarsa, ba ni zan ja shi gaban mutane in ƙwace masa ita saboda ƙwallo ba. Kuma na yi masa alkawari Mama ba za ta ji ba.’”

Malam Surajo ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana kallon cikinta.

“Uwarku ba ta da ƙarfin zuciya. Tun rasuwar ƙaninta...”

“Mama ta sani.”

Ya ɗago da sauri.

“Ta ga kwalin maganin a aljihun rigarka tun washegari, ta kawo min na karanta mata. Kana zaton miyar da kake sha ba gishiri kwanan nan mantuwa ce? Ta ce tunda ka ɓoye, a bar ka da ɓuyarka, kada a ba ka kunya. Abin da ba ta sani ba shi ne ciwon ne ya jawo wa Yaya wannan masifar.”

Wata 'yar dariya ta kufce masa, mai haɗe da ƙwalla. Gida guda kowa na ɓoye wa kowa, kowa na lallaɓa kunyar wani, ga shi yaron da bai ci ba bai sha ba shi ya kwana a ciki.

Mashkura ta share fuskarta ta nufi kusurwar sito. Ta ja wani buhu da ke can ƙasa, wanda aka ɗaure bakinsa da igiya.

“Ke, bar wannan!”

“Ni nake share siton nan duk Lahadi, Baba. Na san buhun da ba na masara ba.”

Ta kwance ta zazzage. Wani ɗan takalmin ƙwallo ya faɗo, ƙafa ɗaya, bai fi tafin hannu ba, ya sha ɗinki har ya gaji. Bayansa tarin guntayen tikitin shiga filin wasa, an ɗaure su da roba.

“Duk ranar da Hawks ke wasa a gida sai ka ce za ka Gwagwalada duba kaya. Wane kaya ne ake dawowa daga dubansa murya a dishe?”

Ya kasa kallonta. Gaskiya ne. Shekara uku ke nan yana shiga filin nan ta ƙofar baya, ya je ya zauna a tsakiyar magoya bayan baƙi, inda ba wanda ya san shi. In yaron nan ya jefa ƙwallo a raga, na kusa da shi su hau zagi, shi kuwa ya cusa hula a baki ya cije, don kada murna ta tona masa asiri. Hula biyu ya lalata a haka.

“Kada ki gaya masa,” ya ce da ƙaramar murya.

“Ya sani.”

“Ya sani?”

“Tun wasan farko. Ba ka ga duk ƙwallon da ya ci, ɓangaren baƙi yake rugawa ya durƙusa ba? Mutane suna cewa tsokana ce, har katin gargaɗi aka taɓa ba shi a kai. Ba tsokana ba ce, Baba. Gaishe ka yake yi.”

Nan Malam Surajo ya kasa. Ya rufe fuska da hular, kafaɗunsa na girgiza. Mashkura ba ta taɓa ganin kukan ubanta ba, sai ta juya baya ta ba shi wuri, tana nata kukan tana kallon bango. Son yaron nan ya daɗe yana cin sa a rai, bai taɓa samun ƙofar fita ba, yau kuma ga shi ya fito a lokacin da ya riga ya yi ɓarna.

Can ya ce, “Yana ina?”

“Ya tafi fili kwaso kayansa. Daga can tasha zai wuce, ya ce zai je Zariya wurin Baba Alhaji har ƙura ta lafa.” Ta dubi wayarta. “Kuma yau ƙarfe huɗu ake rufe rajistar 'yan wasa. In sunansa bai shiga ba, shi da ƙwallo sai baɗi, in ma akwai kulob ɗin da zai ɗauki wanda aka kora da sunan maƙaryaci.”

“Yanzu ƙarfe nawa?”

“Uku da minti biyar.”

Ya miƙe. Ya laluba bayan wani buhun shinkafa ya zaro katin asibitin, ya sa a aljihu, ya mayar da hularsa.

Da suka fito, 'yan benci suka yi tsit ganin idonsa. Bai kalli kowa ba sai Marvel.

“Marvel, akwai mota a hannunka?”

“Motar customer ne, oga Malam, amma yau ya zama namu. Ina za mu?”

“Filin Hawks.”

Musaddiq ya zaro ido. Malam Surajo da filin ƙwallo? Ai wannan labari ne. Suna tayar da mota ya haye babur ɗinsa ya bi bayansu, waya a aljihun gaba, a shirye.

Shago kuwa a buɗe aka bar shi, mudu a kife a kan wake.

*

Uku da rabi suka isa. 'Yan wasa na atisaye a tsakiyar fili, magoya baya sun fi ɗari a jikin wayar shingen fili suna kallo, don ranar rufe rajista kowa so yake ya ga wa ya tsira. Daidai lokacin Tawfiq ya fito daga ɗakin canza kaya, jaka a kafaɗa, takalmansa a rataye a wuya. Kai a ƙasa ya nufi babbar ƙofa ta ɗaya gefen.

Aka fara.

“Angon Karshi!”

“A gaida amarya!”

“Maci amana! Ka tafi, ba ma so!”

Bai waiwaya ba, bai kuma ƙara sauri ba.

Mashkura ta nuna wa ubanta wata rumfa a gefen fili. Madam Prudence na zaune ita da koci, gilashinta a kan hanci. Malam Surajo ya ratsa mutane ya isa gabanta, numfashinsa na fita da ƙyar.

Ta ɗago ta gane shi nan take.

“Ah, Baba mai shago. Lafiya?”

Ya ajiye katin a kan teburin.

“Ranar da kika zo, ban faɗa miki daidai ba. Na yi ciwo. Ga shaida.”

Ta ɗauka ta karanta, ta duba kwanan wata, ta miƙa wa koci. Fuskarta ta canza, amma ba ta saki ba.

“Baba, ni na zo shagonka da ƙafana. Na tambaye ka da bakina. Ka ce babansa yana Zaria. Ni na rubuta report ɗin nan, kuma Allah ya sani ban yi barci mai kyau ba tun ranar, because I like that boy. Yanzu wanne zan yarda?”

“Al'adarmu ce, 'yata. Ɗan fari ba a... ba ma iya...” Ya kawar da kai. “Yaron nan nawa ne.”

“Wane yaro? Yara talatin da biyar ne a filin nan.”

Ya juya zai nuna mata shi, sai ya ga har ya kai bakin ƙofa. Wani keke ya tsaya, Tawfiq ya jefa jakarsa a ciki.

Mashkura ta ƙwala kira, “Yaya!” Ihun mutane ya haɗiye muryarta.

Marvel ya sa yatsu a baki ya yi fito. A banza.

Malam Surajo ya taka zuwa bakin layin fili, ya ɗaga hannu.

“Kai! Kai yaro!”

Samari sun fi goma da suka waiwayo. Ban da shi. Ya riga ya sa ƙafa ɗaya a cikin keken.

Bakin Malam ya buɗe ya rufe. Sunan na nan a maƙogwaronsa inda ya ajiye shi tun ranar da aka raɗa, ya yi nauyi kamar buhun gero. Ya tuna mahaifinsa, wanda har ya koma ga Allah bai taɓa kiran Alhaji Manniru da sunansa ba. Ya tuna kwalin da aka yi masa fifita da shi a Karshi. Ya cika ƙirjinsa da iska.

“TAWFIQ!”

Muryar ta fashe a tsakiya, don ba ta san hanyar sunan ba. Amma ta isa.

Ƙafar da ke cikin keke ta tsaya. Tawfiq bai juyo nan da nan ba. Dubban mutane sun sha kiran sunan nan a filin nan, da yabo da zagi, amma wannan muryar bai taɓa jin ta ɗauke shi ba. A hankali ya waiwayo, kamar mai tsoron kada ya zama kunnensa ne.

Fili ya yi tsit. Har 'yan atisaye sun tsaya, ƙwallo na gangarawa ita kaɗai.

Malam Surajo ya fuskanci 'yan jikin waya, hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa bai damu ya share ba.

“Ni ne Surajo mai hatsi. Tawfiq ɗana ne, ni na haife shi, shi ne na fari. Ranar da kuka ce yana Karshi wurin mace, a kaina yake, na faɗi a kasuwa. Matar da kuka gani nas ce. Abin da ke cikin ledar maganina ne, ga ragowarsa a aljihuna. Ni na ce kada ya faɗa, ya riƙe min amana kuna zaginsa. Da aka zo tambayata kuma na ji kunya na ce ba nawa ba ne.” Ya numfasa. “In akwai maƙaryaci a maganar nan, ga shi a gabanku. Ku zage ni, ku bar min yarona.”

Musaddiq, da ya ɗaga waya tun shigowarsu yana ɗauka, ya sauke hannunsa a hankali. Ya kalli hoton da ya yi mako biyu yana yawo da shi, ya kifa wayar a ƙirji.

Madam Prudence ta cire gilashinta tana goge ido da bayan hannu.

“Oh my God. Baba, me ya sa... Coach! Ina file ɗin rajistar 'yan wasa?”

Koci ya dubi agogonsa, ya ɓata fuska.

“Nicholas ya tafi da shi ofishin league tun uku saura. In ya riga ya miƙa aka buga stamp, shi ke nan, ba a canzawa.”

“Kira shi!”

“Ke kira, wayata ba caji.”

Nicholas shi ne sakataren kulob, mutumin da aka sani da sa waya a silent in yana tuƙi. Madam Prudence ta danna lambarsa ta sa a speaker, ta ɗora wayar a kan teburin. Huɗu saura minti goma sha takwas.

Ta yi ta ringing har ta katse.

Ta sake kira.

Tawfiq ya taho. Ya bar jakarsa a cikin keken, ya ratsa tsakiyar fili, takalman na kaɗawa a wuyansa, mutanen da suka gama yi masa ihu suna matsawa suna ba shi hanya. Da ya iso gaban ubansa sai ya durƙusa, irin durƙuson da yake yi a gaban 'yan baƙi in ya ci ƙwallo. Yau dai babu shinge a tsakaninsu.

“Baba, ka sha maganin rana kuwa?”

Malam Surajo ya ɗora hannu a kan yaron, karo na farko a gaban mutane.

“Na cuce ka.”

“A'a, Baba.”

Kira na biyu ya katse. Madam Prudence ta danna na uku tana cewa, “Nicholas, pick, abeg, pick.” Mashkura ta damƙe bakin mayafinta tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Mutum sama da ɗari sun zuba wa waya ɗaya ido.

Tawfiq kuwa ko kallon teburin bai yi ba. Ya ɗago jajayen idanunsa ya dubi ubansa.

“Baba, ko an ɗaga ko ba a ɗaga ba, ina roƙon abu ɗaya.”

“Faɗi.”

“Ɗazu ina nesa, ban ji sosai ba. Sake faɗa.”

Leɓen Malam Surajo ya motsa. Wannan karon a hankali ya fito, ba ihu, daidai kunnen mai shi.

“Tawfiq.”

A kan teburin, ringing ɗin ya yanke. Hayaniyar ofis ta cika speaker, da ƙarar wani abu da aka buga a kan takarda, tim.

Sai muryar Nicholas: “Hello, Madam?”